Ranar da Na Kashe Surukina da Turanci

Matso nan kusa, don maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe surukina da bakina ba, alhali bawan Allah yana kasuwar Jega yana cinikin busasshen kifi. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi, don dai ni ban ga laifina ba.

Shekarar da ta biyo bayan yanke mana Kebbi daga Sakkwato ce. Aka turo wata 'yar bautar ƙasa makarantar garinmu Aliero, Bayarabiya, Malama Bisi, ta kama ɗaki a maƙwabtanmu. Ni ajina uku na firamare aka cire ni, amma Allah ya ba ni kunne, abin da na ji sau ɗaya ya zauna. Kullum da la'asar sai ta shigo, in zuba mata tuwo, ita kuma ta zuba min Turanci. Maigida bai so ba. Mahaifinsa, Baba Alhaji, shi ya tsaya min, ya ce, "Ku bar ɗiyag ga ta koya, ilimi ba ya da ƙofa guda." Kin ga ke nan karatuna gaba ɗaya a bakin tsohon nan yake rataye.

Wata rana muka zo kan yadda ake faɗin abin da ya wuce. Ta ce a liƙa wa aiki "ed" a wutsiya: "cook" ya koma "cooked", "pray" ya koma "prayed". Na ce wannan ai sauƙi, kamar ɗaura zane. Sai ta ce amma "go" ba ya karɓar wutsiya, "went" yake komawa. (Dubi rashin gaskiya tun daga nan. Ku kafa doka da kanku, ku karya ta da kanku!) Da muka iso kan "is" da "was" na kasa ganewa, sai ta fassara min da guntuwar Hausarta: "Is na sabo, was na tsoho."

Shi ke nan, na riƙe. Na ce ashe Turawa ma sun san girman manya, yaro "is", dattijo "was". Har na ji sun ɗan burge ni.

Ana nan sai uwar Malama ta zo daga kudu ganin ɗiyarta. Da hantsi, Malama tana makaranta, matar ta shigo yi min godiyar tuwo. Ba ta jin Hausa ko ta "zo in kashe ka". Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na dama fura. Idonta ya kai kan hoton Baba Alhaji da ya ɗauka a Makka, ta nuna, ta tambaya ko wane ne.

Na gyara zama, na gyara kallabi. Na ce, "He was my husband father. He was good man. He prayed. He farmed onion." Kowace wutsiya na liƙa ta a wurinta. Na ga fuskar matar ta canza, ta dafe ƙirji, ta ce, "When?" Na ɗauka tana tambayar yaushe ya fita. Na ce, "Today morning. He went." Har da ɗaga hannu sama, ina nuna hanyar Jega. Ban ce "goed" ba, ki lura, daidai na faɗa!

Matar ta rungume ni tana hawaye. Ni kuwa (Allah ya yafe min) na zaci daɗin Turancina ne ya ratsa ta. Har da cewa "thank you".

Bayan azahar sai na ji salati a ƙofar gida. Malama ta faɗo tsakar gida tana kuka, uwarta na biye, ta yafa baƙin gyale. A waje hedimasta da malamai sun jeru sun kama hannun maigida, wanda dawowarsa ke nan daga rumbun albasa, suna "Allah shi jiƙan Alhaji, Allah shi ba da haƙuri." Maigida ya zube ƙasa, yana zaton motar kasuwa ce ta kife. Maƙwabta suka cika gida. Ni ma da na ji an ce Baba ya rasu na ɗora hannu a ka na fi kowa kururuwa. Wallahi ban san ni ce mai labarin ba.

Muna cikin haka mamaci ya sauko daga mota da ƙunshin kifinsa a hammata. Ya dubi taron, ya ce, "Lahiya? Wa ar rasu?"

Aka bi diddigin magana, daga hedimasta zuwa Malama, daga Malama zuwa uwarta, uwar ta miƙo yatsa ta nuna ni. Maigida ya ce daga yau an rufe makarantar tuwo. Baba Alhaji ya sa aka kira ni bakin zaure, na durƙusa bayan ƙyaure, kaina a ƙasa.

"Ɗiyata, mi niy yi miki?"

Na ce, "Baba, girmama ka niy yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To karatu ba a hwasa shi ba. Amma in kin tashi girmama ni gaba, ki yi da Hausa, ina da sauran albasa ban cire ba."

Karatu dai ya tsira, mutuncina ne bai tsira ba. Wata guda duk tsohuwar da na gaisar sai ta ce, "A'a, ni 'is' ce, rufa min asiri." Na dai koyi cewa ba a ɗinka wa dattijo riga da yaren aro sai an gwada ta a jikin yaro.

Amma ki duba min. Mu in mutum ya rasu muna cewa marigayi, mu bi shi da addu'a, kowa ya san inda aka kwana. Su kuwa da harafi uku za su binne dattijo mai rai, ba wanka ba sallah. Tsakaninki da Allah, ni ce da laifi, ko yaren da ya kasa raba tsoho da gawa?