Tagwayen da Ba Sa Cikin Littafin Hafsa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na gama kwalejin ilimi na dawo Tudun Wada ina ji da kaina ba. A unguwarmu ni ce 'yar boko. Ko takardar magani ta gagara, ni ake nema.

Wata rana ina tankaɗe sai ga Hafsa, 'yar yayana da ke sakandare, da wani littafin wasan kwaikwayo na Turanci. An ce su taƙaita labarin, kuma makin zai shiga jarrabawa.

"Anti, kin taɓa karanta shi?"

"Wannan? Tun kina goye." (Wallahi ban taɓa ganinsa ba.)

Na dubi bangon: saurayi, budurwa, da wani dattijo ya haɗe rai. Ai shi ke nan! Na zuba mata labari da Turancin da nake taƙama da shi: uba attajiri, saurayi talaka, tagwaye da aka raba tun suna jarirai, har da waƙa cikin ruwan sama. Duk daga fassarar fim ɗin Indiya na kwaso. Baiwar Allah tana rubutawa tana jinjina kai.

Kashegari da la'asar aka ce ana sallama da ni. Malam Nura ne, mai zuwa zance wurina, wanda na gama cika wa baki cewa ba na barci sai na yi karatu. Na san malami ne, amma ban san an mayar da shi makarantar su Hafsa ba.

Na shimfiɗa tabarma a zaure, muka gaisa. Ya ce, "Yau wata ɗalibata ta ba ni mamaki. Na daɗe ina koyar da littafin nan, ban san akwai tagwaye a ciki ba. Da na ba ta sifili ta fashe da kuka, wai Antinta ta karanta shi tun tana goye."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuska. Abin da ya fi cina shi ne kukan yarinyar da ta yarda da ni.

Na roƙe shi ya bari ta sake. Muka karanta littafin tare da ita, ƙamus a cinyata. (Ashe labarin yaƙi ne.)

Yanzu duk wanda ya tambaye ni abu, "ban sani ba" ke fara fitowa. Malam Nura kuwa ya aure ni, amma har yau hadari na haɗuwa sai ya ce, "Ba za ki fita ki yi mana waƙar ba?"