Rasuwar Baba Gurgur, Injin Fiƙe Fensir na Aji Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai cike da garin alli, ni malamar aji ɗaya nake sanar da iyaye da malamai, da duk wanda ya taɓa riƙe fensir, rasuwar abokin aikina, injin fiƙe fensir na ajinmu, wanda yara suka fi sani da Baba Gurgur. Ya rasu ranar Litinin da hantsi, a bakin aikinsa, a gefen teburina inda yake ɗaure tun zuwansa, bayan gajeruwar rashin lafiya da ta shafi ciki.

Marigayin nawa ne, ba na makaranta ba. Ni na kawo shi a jakata, na ɗaure shi da hannuna. Kafin zuwansa reza ce ke mulki a ajin nan. Yaro ya zo da fensir dogo da safe, ya koma gida da guntu da yatsa a naɗe, ni kuma in wuni ina fiƙa har babban yatsana ya yi kanta. Ranar da ya kama aiki na tattara rezojin nan kaf na zubar, kuma tun daga ranar ba a sake ganin jini a littafin kowa ba.

Mutum ne, in an yarda in kira shi haka, wanda bai san wariya ba. Fensir mai tsada da mai araha, dogo da gajere, har da wanda aka tauna wa gindi ya jiƙe da miyau, duk da fuska ɗaya yake karɓarsu. Ba ya tsegumi. Ya san duk yaran da ke danna fensir a ƙarƙashin benci su karya bakin da gangan don su samu dalilin miƙe ƙafa, amma bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Shi kaɗai ne a ajin nan yake surutu ina koyarwa ban ce masa ya yi shiru ba. Muryarsa har yanzu tana kunnena: gur-gur-gur, gur-gur-gur, sannan in aiki ya kammala ta yi laushi ta koma shuuu, wato ya isa haka, na baya ya matso.

Ya koyar da abubuwan da ni na sha wahala a kansu. A gabansa yara suka koyi bin layi ba tare da ture-ture ba. A hannunsa suka koyi ƙirga, don sai an juya ana faɗin ɗaya, biyu, uku. A nan suka bambance dama da hagu, saboda in ka juya shi ta baya ba ya ko kula ka. Aibinsa ɗaya, kuma ba za mu ɓoye ba tunda kowa ya sani: marigayin yana da ci. In ya samu fensir mara ƙwari da yaro mai ƙarfin hannu, ba ya tsayawa sai ya kai ga ƙarfen gindi.

Babban aikinsa dai shi ne Auta, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a ajin. Farkon zangon nan Auta ba ta shiga aji. Takan maƙale a zanen kakarta a bakin ƙofa tana kuka har a ji ta a ofishin hedimasta. Na yi lallashi, na yi waƙa, na yi zane, duk a banza. Wata safiya ta ji gur-gur ta yi shiru tana leƙe, sai na ce ta zo ta juya. Daga ranar ita ce mai juyin farko kowace safiya, kuma da fensirin da ya fiƙe mata ta rubuta harafin farko na sunanta. A juye ta rubuta shi, amma na ba ta maki cikakke.

Ga yadda ciwon ajali ya faro. Ranar Juma'a, a darasin ƙarshe, na koyar da abubuwa masu rai da marasa rai. Na zana akuya da dutse a allo. Na ce mai rai yana ci, yana motsi, yana kuka, yana kuma fitar da abin da ya ci. Sai wani yaro da muke kira Sarkin Tambaya ya ɗaga hannu.

"Malama, to ai Baba Gurgur ma mai rai ne. Yana cin fensir, yana kuka, kuma kullum sai kin kwashe masa kashi."

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Ina shirin warware maganar aka buga ƙararrawar tashi, aka kuma aiko hedimasta na nemana. Na ce za mu ƙarasa ranar Litinin, na fita na bar su suna haɗa jakunkuna.

Abin da ya biyo baya daga bakinsu na ji shi. Sarkin Tambaya ya tuna musu cewa gobe da jibi ba makaranta, kuma ba wanda zai ba Baba ko guntun fensir. Tausayi ya kama aji. Suka yi layi, kamar yadda shi kansa marigayin ya koya musu, kowa ya ba da abin da ya rage a kwanon abincinsa. An ba shi biskit. An ba shi ɓawon burodi. An ba shi alli, an ba shi kalar zane ja da shuɗiya, wani mai kyauta ya cire cingam daga bakinsa ya ƙara masa. Duk wanda ya saka sai ya juya hannun don a taimaka masa da tauna. Auta ce ta ƙarshe a layi. Ba ta da sauran abinci, amma ta lura ya ci abu busasshe da yawa, kuma a gidansu kakarta ba ta barin kowa ya ci abu ba ruwa. Ta tsiyaya ruwa a murfin gorarta ta ba shi, har sau biyu.

Ranar Litinin tururuwa ce ta riga kowa zuwa dubiya. Na kore su, na saka fensir, na juya. Ya ce gur. Ya ce ƙiii. Sannan ya ce ƙas, hannun ya biyo ni. Waɗannan su ne kalamansa na ƙarshe.

An garzaya da shi wurin mai gyaran keke na bakin ƙofar makaranta, wanda ya saba ɗiga masa mai lokacin yana raye. Ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana kallo, ya shinshina, ya ɗago kai.

"Malama, wannan sai dai haƙuri. Amma tsakani da Allah, wa ya ba shi burodi?"

Na karɓi gawar na saka a leda, don ba a tona asirin masu makoki.

Marigayin ya rasu ya bar abokiyar zamansa, kilinar goge rubutu, wadda ita ma ta rame ƙwarai a hidimar ajin nan. Ya bar ƙaninsa rula, da amininsa dasta mai goge allo, da fensira masu yawa waɗanda tuni bakinsu ya dakushe don maraici. Akwai kuma tsohuwar abokiyar gabarsa, reza, da aka fara ganin ƙeyarta a aljihun wasu yara. Ana sanar da ita ba a gayyace ta ba.

Sai dai ba rashin injin ne ya hana ni sukuni ba. Inji ana samun wani. Da na dawo aji da gawar a leda, wata murya daga bencin baya ta ce, "Ruwan Auta ne ya kashe shi." Tun daga lokacin Auta ba ta sake taɓa fensir ba. Ta zauna a kan hannuwanta har aka tashi. Washegari ta tsaya a bakin ƙofa, inda ta saba tsayawa da, ba kuka, amma ta ƙi shigowa. Yau ba ta zo ba. Kakarta ta zo ita kaɗai ta ce mini, "Malama, jikar nan tawa ta ce ba za ta koma ba, wai ta kashe mutum. Wa ta kashe?" Na yi dariya a gabanta, da ta tafi na shiga aji na share hawaye da bakin mayafi.

Saboda haka ina roƙon iyaye su karanta wa yaransu wannan sashe da babbar murya, musamman a gidan su Auta. Mai gyaran keke ya kammala bincike, ya tabbatar haƙoran marigayin sun riga sun cinye tun tuni, tsufa ne ya zo. Biskit ya taimaka, cingam ya taimaka ƙwarai, amma ruwa ba shi da hannu a ciki. Hasali ma shi kaɗai ne abin hankali da aka ba shi a ranar. Baba Gurgur ya tafi a ƙoshe, kewaye da masoya, kuma ba kowa ke samun haka ba.

Za a yi bankwana da shi gobe Alhamis bayan hutun tara, a gindin tagar aji ɗaya. Masu zuwa gaisuwa su zo da fensirinsu a fiƙe daga gida. Ba a buƙatar gudummawar abinci ko kaɗan, an gode, ya isa. Sarkin Tambaya zai yi jawabi, an kuma roƙe shi kada ya yi tambaya.

Gangar jikin za ta koma wurin mai gyaran keke, hannun kuma zai zauna a aljihun teburina. Ɗan akwatin cikinsa, inda dusar fensir ke taruwa, za mu cika shi da ƙasa mu shuka ƙwayar wake, mu ajiye a kan taga, mu ƙarasa darasinmu na ranar Juma'a. Ana neman wanda zai riƙa ba shukar ruwa kowace safiya, kuma an riga an zaɓa. Sai dai ƙa'ida ce mai wannan muƙami ta rubuta sunanta da hannunta a jikin akwatin, ko a juye ne. Na ajiye mata fensirinta da ta bari a benci, na ƙarshe da marigayin ya fiƙe da lafiyarsa, har yanzu da tsininsa.

Kaka, don Allah a kawo mana ita da wuri, da gorarta a cike. A gaya mata wannan karon mun bincika sosai: mai rai ne, kuma ruwa yake jira.