Bido Biyu, Harafi Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis ta ƙarshen damina, ranar da na tsaya gaban matan biki a wani ƙauye can bayan Cadakori, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina aiki a buron wani furoje na manoma a Gidan Rumji. Aikina cike takardu da buga hatimi. Sai aka tura ni Maradi formasiyo, wato horo, na kwana uku kan tsaron tafiyar daji, har da darasi guda a kan ɗaukar jarkar mai a mota kat-kat, irin mai shiga rairayi. Na dawo da takardar shaida mai zanen ruwan zinariya a gefe (sai da na kai ta aka sa mata gilashi kafin in shiga gida gaida mutane), da wani irin ji da kai wanda har yau in na tuna sai in rufe fuska.

Direbanmu Baba Iro ne, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya fara tuƙi cikin rairayin ƙasar nan tun ban shiga lakol na fara boko ba. Shi na zaɓa in koya wa aiki.

"Baba, ba a cika jarka har baki. In rana ta buge ta, mai kumbura yake yi."

"To, Musye."

"Kuma ba a sa ta ciki wurin mutane. A waje, a tsaye, a ɗaure tam, nesa da salansa."

"To, Musye."

(Haka yake yi tun fil azal. Ni ne dai ban taɓa zagayawa bayan motar na duba ba.)

Ana nan sai tafiya ta kama. Shugabarmu, Madam Hadiza, za ta je ganin rumbun hatsin da furoje ya gina a ƙauyen, kuma babu inda ake saida mai a hanya, dole mu ɗauki gazuwal, man da motarmu ke sha, na ko-ta-kwana. Jarkar ƙarfe ta buro kuwa ta ɓule. Baba Iro ya ce bari ya aro wata wurin abokinsa. A Maradi an gaya mana ƙarara cewa mai a jarkar mai ake zuba shi, ba a bidon kayan abinci ba. Amma tunda shawarar ba daga bakina ta fito ba, sai na ce babu buƙata: bidon roba mai ruwan ɗorawa ma ya isa, muddin an rubuta abin da ke ciki. Aka cika shi ran Laraba da la'asar, na ɗauki alƙalami mai kauri na zana masa ƙaton G a ciki. G, wato gazuwal.

Da safe sai ga Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, a amalanke. Ta ji labarin tafiyar, kuma ana bikin ɗiyar ƙawarta a ƙauyen, ita ga ciwon gwiwa. Mako guda ta yi tana suya da matsa, ta tara man gyaɗa bido guda. Mai ruwan ɗorawa, ba sai na faɗa ba.

"Ɗan nan, hannun Inna Tumba za ka miƙa shi, ita ce kan girki. Ka ce in ji ni. Kada ka bari ko ɗigo ya zube."

"Gwaggo, kin kawo wa gwani," in ji ni.

Na tuna doka: kowace jarka a rubuta ta. Na zaro alƙalamina na zana G. G, wato gyaɗa. Wallahi har ja da baya na yi na dubi rubutun na ji daɗi. Na ɗaure su biyun kafaɗa da kafaɗa a bayan mota, ɗauri mai kyau, wanda ko malaminmu na Maradi sai ya yaba.

Abu ɗaya ya rage in gaya maka: mura nake yi a makon. Hancina a toshe kamar an liƙe shi da laka.

Bayan mun wuce Cadakori muka iske wani kwari ya cika da ruwa, sai zagaye ta cikin gonaki. Rairayi, ƙaramin giya, mota na ta gurnani tana shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Wajen azahar allurar mai ta kwanta. Baba Iro ya tsaya ƙarƙashin wani gawo, ni kuwa na diro, don ranar da nake jira ta zo.

Na sa aka kashe mota. Na ce kowa ya ja da baya taki goma, har Madam. Na sa safar hannu, na ɗaura takunkumi a kan hancin da dama ba ya aiki.

"Musye, bari in duba maka wanda..."

"Baba, ka ja baya. Wannan aikin masu takarda ne."

Na zagaya bayan mota. G da G suna kallona.

A nan zan faɗi gaskiya, tunda shekaru sun ja: gabana ya faɗi. Na gane abin da na yi. Amma ga Madam tsaye da hannu a ƙugu, ga dattijon da na kora yanzu-yanzu. Sai na ce wa raina ai gazuwal na hagu ne. (Hagun mai kallon mota ko hagun mota? Wannan tambayar sai da dare ya yi ta zo mini.) Na kwance na hagu, na sauke shi ƙasa kamar yadda aka koya mana, na buɗe, na ɗaga takunkumi na shinshina. Babu komai. Launi kuwa duk ja-ja ne cikin rana. Na kafa mazurari na fara zubawa, abu na sauka a hankali, da kauri, luƙui-luƙui. Har na ɗaga murya:

"Kun gani? Gazuwal na asali ke nan. Ba irin tsararon nan na bakin hanya ba."

Tsohuwar motar ta yi tari sau uku, ta girgiza, ta tashi. Kuma ta tafi. Wannan shi ne abin da ban yafe mata ba. Da ta mutu nan take, da mutum biyu kaɗai suka ga kunyata.

Ba mu yi nisa ba Madam ta fara waige-waige.

"Wa ya taho da ƙosai ya ɓoye?"

Ta duba ƙarƙashin kujera, ta dubi jakata. Baba Iro ya kalle ni ta madubi, ya mai da ido kan hanya. Wani kare ya fito daga gona ya bi mu, can wani ya ƙaru. Muka wuce wani mai jaki, ya ɗago hannu yana tambaya ko da saura. Ni da ba na jin ƙanshin komai, sai na yi musu bayani cewa iska ce ke kawo ƙanshin girkin biki. Saura kilomita bakwai a lokacin.

Gidan bikin yana bakin gari. Baba Iro ya tsaya a ƙofa bai kashe mota ba. Na kinkimi bidon da ya rage da kaina na shiga. Mata cike da tsakar gida, ga ƙullu a manyan robobi, ga babban kasko bisa wuta, mai kawai ake jira. Na dire bidon gaban Inna Tumba, wata tsohuwa ƴar firit mai kaifin ido, na yi jawabi: gaisuwar Gwaggo, mako gudan da ta yi tana wahala, da yadda na kawo amanar ko ɗigo bai zube ba. Aka yi guɗa.

Inna Tumba ta buɗe, ta tsiyaya kaɗan a ludayi, ta nufi kasko. Sai ta tsaya. Ta kai ludayin hanci.

"Ku janye itacen nan," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. Aka janye, aka yayyafa ruwa. Ta sa aka ɗauke bidon zuwa bakin zaure, sannan ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, gyaɗar wanga mai, gonar wa aka noma ta?"

Ludayin ya zagaya hannu zuwa hannu, hanci zuwa hanci. Ba ka jin komai sai motarmu a waje, tana ta bugawa, tana turo ƙanshin suya ta kan katanga. Ɗaya bayan ɗaya kawunan suka juya wajenta, sannan suka dawo kaina.

Madam ta kira Baba Iro.

"Baba, ka sani?"

"Tun hayaƙin farko, Madam."

"To mi ya hana ka magana?"

"Ba ni da takarda."

Dariyar da aka yi, har amarya sai da ta leƙo daga ɗaki. Ni kuwa idona na kan kaskon. Taki biyu ya rage tsakanin ludayin nan da wuta, ga mata da goyo kewaye. Na zauna kan turmi ba wanda ya ba ni izini.

Sauran yinin, Baba Iro na kwance ƙarƙashin mota yana tatse tanki cikin kwanonin aro, tsofaffi na tsaye suna salati ganin man Hajo ya koma baƙi. Ni aka ɗora a babur ɗin kabu-kabu zuwa Cadakori neman wani man gyaɗa, na dawo da bido a cinya, ta kwarin nan mai ruwa, wando jiƙe har ƙugu. Ba a fara tuya ba sai bayan la'asar. Madam ta ga rumbunta a gurguje, muka kamo hanyar gida.

Labari ya riga ni isa wurin Gwaggo. Na durƙusa ina ta kame-kame, ta bar ni na gama.

"To, ita motar ta ce ya yi daɗi?"

Tun daga ranar nake rubuta sunan abu cikakke, tawada ba ta taɓa ƙare mini ba. Kuma in gabana ya faɗi, tambaya nake yi nan take. Kunyar tambaya mutum ɗaya ko biyu ke ganin ta. Ta ƙin tambaya, sai an tara maka gari.