Shan Iskar Dole da Gangar Gwadabe

Jama'a, idan mai haɗa baƙaƙe ya sha wahalar karanta rubutuna na wannan mako, ya yi mini afuwa. Hannuna a naɗe yake da tsumma. Kyanwa ce ta yakushe ni ranar da na yi mata wanka, har yau kuma wurin bai gama kamewa ba. I, wanka na ce, da soso da sabulu. Ni Alu, magidanci mai furfura a gemu, a tsakar gidana da ke Rano, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga suna riƙe ciki.

Ba taɓuwa na yi ba, biyayya na yi. Wani babban mutum ne ya zo mana daga birni cikin mota mai lasifika, takalminsa sai ƙyalli yake, ga agogo a hannu, ga alƙaluma jere a aljihu. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina so in ci gaba da kwana a ɗakina. Mu dai mun raɗa masa Ranka-ya-daɗe Uban Jin Daɗi. Tunda mulkin kai ya ƙarato, Turawa sun fara ɗaure akwatuna, manya suka ga bai kamata 'yanci ya zo ya tarar da mu muna tsuke fuska ba. Shi ne aka aiko shi ya koya mana zaman duniya.

Aka tara mu a gindin durumin bakin kasuwa. Da maganar aiki ya fara. Ya ce sirrin ci gaba sammako ne, kada rana ta fito ta sami mutum a kwance. Muka dubi juna. Maƙwabcina Ishiyaku, wanda shi yake tashin zakarunsa da asuba, ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, mu da muke gona tun assalatu, mu dawo mu kwanta ne mu sake tashi yadda hukuma ta tsara?"

Ya ce tambaya ce mai kyau, za a kai ta gaba.

Daga nan ya shiga lafiyar jiki. Wai tafiyar ƙasa tana ƙara ƙarfi, kowa ya riƙa ɗan taka ƙafa da yamma. Mutanen da suke zuwa kasuwar Tarai a ƙafa da buhu a ka yake gaya wa haka, suka kuwa gyaɗa kai suna godiya. Da ya ce a riƙa shan ruwa mai tsabta, wallahi sai da na miƙe na yi tafi, a kan ƙafa ɗaya, don ɗayar kurkunu ya riƙe ta. Rijiyar da aka yi mana alkawari lokacin jefa ƙuri'a tana nan daram. An haƙa ta har iya gwiwa, an ɗauki hoto, an tafi, yanzu awaki ne suke hutawa a ciki. Mu da shanun Fulani kuwa kududdufi ɗaya muke sha, su ta gabas mu ta yamma, cikin mutunta juna.

Sai batun dabbobin gida. Ya ce a ƙasashen da suka waye, mutum yakan yi wa kyanwarsa wanka, ya taje ta, har ya zauna ya yi hira da ita. Ni kuwa dama ina da sabulu sabo fil. Na same shi ne ranar da na yini a layin kananzir a kanti, aka zo kaina aka ce ya ƙare, na ƙi komawa gida hannu rabbana. Na ce to, bari in fara wayewa daga gida.

Mai ɗakina Kulu ta tsaya a bakin madafa tana kallona.

"Malam, baiwar Allahn nan tun da aka haife ta da harshenta take wanka, ba ta taɓa neman taimakonka ba. In sabulun ne ya dame ka, ga rigarka can."

Na ce mata ita ba ta je lacca ba. Na tsoma kyanwa a ƙwarya. Ban san abin da ya faru ba, na dai ga wani abu baƙi ya bi ta hannuna, ya bi ta kafaɗa, ya taka hulata, ya haye katanga da kumfa a wutsiya. Hirar da muka yi da ita gajera ce, kuma ita ce ta fi magana. Tun ranar ba ta sake taka gidan ba, ɓeraye kuwa suka buɗe biki a rumbuna.

To duk wannan wasa ne. Abin da ya faɗar mini da gaba shi ne ƙarshen laccar. Ranka-ya-daɗe ya ce mutanen karkara ba su san shan iska ba, daga gona sai gida, shi ya sa suke tsufa da wuri. Don haka ranar Asabar kowane magidanci ya sa rigarsa mai kyau, za a ɗunguma zuwa kan dutsen bayan gari a zauna a kalli duniya. Wanda bai fito ba, a san maƙiyin ci gaba ne.

Asabar ɗin nan kuwa ita ce ranar gayyar noma a gonata.

Ku da kuke karanta jarida a kan kujera, bari in gaya muku. Kurkunu ya kwantar da ni tun farkon damina. Da ƙyar na shuka gyaɗa a gonata ta hanyar Fassi, noma kuwa ya gagare ni. Harƙiya ta taso ta rufe gyaɗar ruf, har sai ka durƙusa ka buɗa ciyawa kafin ka gan ta, ta yi rawaya tana neman numfashi. Maƙwabta suka tausaya mini suka sa ranar da za su taru su nome mini ita, ni kuma in ciyar da su, kamar yadda aka saba. In ranar ta wuce, kowa yana da tasa gonar da take kiransa, gyaɗar kuma ba za ta ƙara kai mako ba. Gonar nan ita ce tufafin iyalina, ita ce harajina, ita ce irin baɗi. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Na ɗingisa na same shi a masauki yana shan shayi. Na zube na kwashi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ciyawa ta ci gonata. A taimaka a ɗaga shan iskar nan."

Ya ajiye kofi ya dube ni da tausayi. "Ka ga irinta ko? Damuwa! Ita take kashe talaka. Malam, ai duk garin nan kai ka fi kowa buƙatar shan iska. Ciyawa za ta jira."

"Allah ya ja zamaninka, ina jin ba a sanar da ita ba."

Ya yi dariya ya ce ina da barkwanci, irina ake nema a sabuwar ƙasa. Na taso da wannan yabo, na rasa inda zan shuka shi.

A gida na tarar Kulu ta riga ta jiƙa gero, ta yi magana da matan Fulani a kan nono. Fartanyoyi kuma tun jajibere an tara su a gindin tsamiyar gonar, haka muke yi a unguwarmu don kada wani ya wayi gari ya ce tasa ta ɓata. Na ce mata a fasa komai.

"Fura ba ta san hukuma ba," in ji ta. "Zan dama, kuma gona zan aika da ita. In babu mutane, tsuntsaye su sha."

Ana nan sai Ranka-ya-daɗe ya ce shan iska ba ya armashi sai da kiɗa, a nemo masa makaɗin da ya fi kowa a garin. Kowa ya ce Gwadabe, kuma gaskiya muka faɗa. Sai dai Gwadabe gangar noma yake kaɗawa, ya gaje ta ne, bai taɓa kiɗan biki ba tun da yake. Ba a tambaye mu wace ganga ba, mu kuma tun muna yara aka hore mu kada mu amsa wa manya abin da ba su tambaya ba.

Asabar da hantsi muka fito. Kai, ka ce ɗaurin aure za mu! Manyan riguna, huluna, har da masu turare. Mota a gaba, Gwadabe a gefenta da ganga a rataye, jama'a a baya, ni a can ƙarshe a kan jaki, ƙafa a miƙe, zuciya a ƙuntace. Hanyar dutsen kuwa ta bakin gonata ta bi, daidai wani ɗan rafi da aka yi alkawarin yi wa gada tun ina da haƙora cikakku. Mota ta shiga, ta yi gurnani, ta zauna caɓal a cikin laka.

Jama'a suka naɗe hannun riga suka kama turi. Ni kuwa gonata nake kallo, ciyawa tana ta rangaji a iska, ita kam tana shan tata. Mota ta ƙi motsi. Sai Ranka-ya-daɗe ya leƙo ta taga.

"Makaɗi! Kaɗa musu su sami ƙarfin turi!"

Gwadabe ya gyara rataya, ya dubi sama, ya saki ganga. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da gangar noma take yi wa manomi, balle a bakin gona, balle ga fartanya a kusa. Taken Ishiyaku ya fara.

"Ishiyaku na Hansatu, mai karya ƙota! Rana ta gan ka ta ja da baya! Ina mazan suke?"

Na ga kafaɗun Ishiyaku sun fara rawa. Ya cije leɓe, ya ƙara dafa mota, yana ƙoƙarin zama ɗan ƙasa na gari. Ina! Sai ya kurma ihu, ya tuɓe babbar riga ya jefa kan ƙaya, ya tsallake rafin, ya suri fartanya. Gwadabe ya juya kan Hammadu mahauci, shi ma ya bi. Kafin ka ce me, riguna sun rufe reshen tsamiya, maza sun jeru a kan kunyoyi, ƙasa tana tashi, kowa yana neman ya wuce ɗan'uwansa. Aka bar mota da direba suna kallon juna.

Ranka-ya-daɗe ya kunna lasifika. "Jama'a, dutse! Dutse muka nufa!" Amma Gwadabe a jikin motar yake tsaye, sai lasifikar ta ɗauki gangar ta watsa ta har ƙauyukan gefe. Mutanen da ban gayyata ba ma suka riƙa ɓullowa daga cikin dawa da fartanya a kafaɗa. Ban taɓa ganin kayan hukuma sun yi amfani irin na ranar ba.

Da Gwadabe ya ga babban baƙo ya fito yana kumfar baki, sai ya matso ya rusuna, ya sassauta kiɗa.

"Ranka ya daɗe, ɗan manoma jikan manoma! Wa ya ce boko ya kashe maka ƙugu? A nuna musu!"

Na rantse na ga takalmin nan mai ƙyalli yana buga ƙasa. Ya yi gyaran murya, ya dubi hagu, ya dubi dama. Sai ya cire agogo ya miƙa wa direba, ya tuɓe takalmi, ya ce a ba shi fartanya. Wuri ya ɗauki sowa. Ya shiga gefen gonar da ƙarfinsa, gumi yana zuba, alƙaluma suna zubewa daga aljihu. Allah ya sani ya yi aiki. Matsalar ɗaya ce. Duk tsiron da ya ga dogo kore shar sai ya kewaye shi da ƙasa a hankali, wanda ya ga gajere ya yi rawaya kuwa sai ya sare shi. Harƙiya ce doguwar, gyaɗata ce gajerar.

Wa zai gyara wa babban mutum? Ina kan jaki ina kallon gyaɗata tana faɗuwa, ina ɗaga hannu ina cewa, "Madalla, ranka ya daɗe! Hannu mai albarka!" A zuci kuwa addu'a nake Allah ya kawo masa gajiya da gaggawa. Aka amsa, don bai yi nisa ba tafin hannunsa ya yi bororo.

Daidai nan Iya Laraba, yayar mahaifiyata, ta iso da mata ɗauke da ƙoren furar da Kulu ta dama. Aka zauna a inuwa. Ranka-ya-daɗe ya sha har ya nemi ƙari, ya miƙe ƙafa cikin laka ya ce rabonsa da shan iska irin wannan tun yana yaro. Kafin la'asar gonata ta fito fes, gyaɗa ta ga rana. Ni dai ban iya godiya ba, hawaye ne kawai suka zubo mini, na fake da cewa ƙasa ce ta shiga idona. Daga baya maza suka cicciɓi motar suka fitar da ita kamar tukunya. Dutse kuwa yana nan inda yake, babu wanda ya dame shi.

Ba a jima ba muka ji motar tana zagaya Kibiya da Tarai da albishir. Wai bayan dogon nazari, Ranka-ya-daɗe ya ƙirƙiro sabon tsari mai suna Shan Iska Mai Amfani. Maza za su taru a gonar mutum ɗaya, a yi kiɗa, a yi noma, a sha fura. An gwada a Rano an ci nasara, za a koya wa sauran ƙauyuka sannu a hankali yadda za su iya fahimta. Ishiyaku ya saurara ya kaɗa kai.

"Alu, ashe kakanninmu ba su da amana. Sun sace wa bawan Allah dabararsa tun kafin a haife shi."

Saboda haka mai neman shawarar zaman duniya, ga tawa kyauta. Ka yi sammako, tunda yanzu an yarda. Ka taka ƙafa, tunda ba ka da mota. Kyanwarka kuwa ka gaishe ta daga nesa.

Gyaɗa ta yi kyau, alhamdu lillahi, ta ko'ina sai wuri ɗaya. An zo an kafa allo a gefen da Ranka-ya-daɗe ya nome, aka gargaɗe ni kada in kuskura in taɓa wurin, don abin koyi ne ga na baya. Kyanwar ma can ta tare, ta gane nan ne kaɗai babu mai zuwa da sabulu. Idan shan iska ya biyo da ku ta hanyar Fassi, ba sai kun iya karanta allon ba. Ku duba inda harƙiya ta kai ƙugu. Nan ne hukuma ta taimaka mini.