Mai Tari Ya Yi Tarinsa na Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata waɗanda har yanzu baƙin mai bai fita daga ƙarƙashinsu ba, telan da ke shago na ƙarshe a layin masu ɗinki yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa taya shi turi, rasuwar babur ɗin gidansu wanda aka fi sani da Mai Tari. Ya rasu da hantsi a tsakar gida, ƙarƙashin tagar tsohon ubangidansa, bayan gajeriyar rashin lafiya wadda mai jinyarsa ne ya sa masa ita da hannunsa.

Marigayin ya fito daga zuriyar da ta ƙare. Kamfanin da ya ƙera shi ya riga shi barin duniya, kuma masu sayar da kayan gyara, idan aka kwatanta musu irinsa, sai su ce a dawo in babansu ya zo shago. Baƙi ne mai faɗin ƙirji, da fitila ɗaya kamar kwanon sha, ga nauyin da idan ya faɗi sai an kira maƙwabta. Ya yi ƙuruciyarsa yana hidima ga mahaifin tela, malamin dabbobi, wanda ya yi ta yawo a kansa daga garke zuwa garke da akwatin allurai ɗaure a baya. Bai taɓa ƙin hanya ba. Ya ratsa taɓo, ya ratsa yashi, ya ɗauki ɗan maraƙi mara lafiya bai yi ƙorafi ba. Wata saniya ta taɓa harbinsa a tanki ta bar masa lotsawa, bai riƙe ta a zuciya ba.

Aibinsa ɗaya, idan aibi ne, shi ne tari. Salansarsa ta tsage tun da wuri, malamin dabbobi ya naɗe ta da gwangwanin madara ya ɗaure da waya, da niyyar zai gyara in ya samu sarari. Bai samu ba. Don haka muryar marigayin ta zama dum-dum-dum-kyaf, dum-dum-dum-kyaf, kuma tun daga kwanar layi gida ke sanin maigida ya dawo. Tela a lokacin yana ƙarami, shi ne mai rugawa ya ɗare tanki ya manne, ba a ɓamɓaro shi sai da kuka. Uban, da yake mutumin dabbobi ne, ya sa masa suna Kaska.

Da malamin ya ajiye aiki sai babur ya bar gidan, ya bi hannu zuwa hannu har labarinsa ya ɓace. Shekaru suka tura, kan tsohon ya fara yoyo. Ya manta hanyar banɗaki, ya manta sunan matarsa marigayiya, daga baya kuma ya koma gai da ɗansa cikin ladabi duk lokacin da ya shigo masa da abinci: "Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?" Tela ya gwammace a zage shi da wannan gaisuwar. Amma ya lura wani lokaci tsohon kan miƙa hannuwa gaba daga bakin gado kamar ya riƙe wani abu, yana murɗa tsintsiyar hannunsa ta dama. Sai ya ƙudurta cewa idan Baba ya ji muryar Mai Tari, ko sau ɗaya ne, zai waiwayo ya gane wanda ke tsaye a gabansa.

Ya daɗe yana nema. Ya tarar da shi a bayan wani gidan burodi, buhunan fulawa da aka zazzage jibge a kansa, kaza ta yi ƙwai inda sirdi yake a da. Lotsawar saniyar ce ta shaida shi. Ranar da aka turo shi gida a kan kurar ɗaukar kaya, matar tela ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Mutane na ɗauko marayu su rena, kai ka ɗauko mana gawa."

Tela bai taɓa zuwa makarantar kanikanci ba. Abin da ya sani ya koye shi ne daga kwance keken ɗinkinsa da mayar da shi. Ya shigar da marigayin ɗakin bayan shago, ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera kowane noti a kai kamar maɓallan riga. Ya kankare tsatsa har yatsunsa suka daina jin allura. Masu kayan ɗinki suka yi ta zuwa suna komawa hannu wofi. Ya sa aka sassaƙa masa abin da ba a sayarwa, ya jira abin da ake aikowa daga nesa. To, amma shi tela ne irin wanda ke farke riga gaba ɗaya saboda zare guda ya karkace, kuma babu abin da ya tsana kamar faci. Da ya iso kan salansa ya ga gwangwanin madara da waya, sai ya ji wa mahaifinsa kunya. Ya cire ta ya ba 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa, tare da duk wani ƙarfen da ya cinye a cikin injin. Mai walda ya ƙera masa sabuwa mai sheƙi. Lotsawar tanki kaɗai ya bari, ita ma sai da ya yi ta kai kawo.

Ranar tayarwa aka kai babur tsakar gida, aka zaunar da Baba bakin taga. Yayar tela ta zo daga gidanta. Bugu ɗaya ya tashi, yana rrrrrr sumul, kamar sabon keken ɗinki. Maƙwabta suka yi tafi. Tsohon ya saurara, ya yamutsa fuska, ya ce, "Ku ce wa baƙon nan ya kashe injinsa, ana hutawa."

Yayar ta dafa kafaɗar tela. "Ƙanena, ya yi kyau, ba ƙarya. Amma wannan ba muryarsa ba ce. Ina tarin?"

Ya ruga wurin 'yan gwangwan. Suka ce motar da ta kwashi kayan ta daɗe da tafiya inda ake narkawa.

Daga nan rashin lafiyar ta fara. Tela ya huda sabuwar salansa da ƙusa, ya naɗe da gwangwani, ya ɗaure da waya. Babur ya yi fut-fut kamar mai mura, yayar ta girgiza kai. Ya faɗaɗa hujin, ya sauya gwangwani, ya gwada babba ya gwada ƙarami. Kullum ya tayar ƙarƙashin taga, labule ko motsi ba ya yi. Sai ya je wurin abokinsa bakanike, wanda ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Kai dai tela, kanka da kwana. Mutane na kawo mini in cire musu ƙara, kai ka zo in sa maka? Tarin nan ba a salansa kaɗai yake ba, shekaru ne a ƙirjinsa, kuma ka share su. In ka sassauta bawul ka gotar da taimin, zai yi maka tari. Amma fistin ɗin da ke cikinsa ba shi da ɗan'uwa a duniya. In ya tafi, ya tafi."

Ya kamata masu gaisuwa su san cewa tela ya ji wannan magana da kunnensa, kuma ya fahimce ta. Ya koma gida ya ɗauki sifana. Kowace rana ya warware kaɗan daga abin da ya ɗaure, ya ɓata kaɗan daga abin da ya gyara. Marigayin ya fara zafi, ya fara hayaƙi, ya fara wuyar tashi, bai taɓa ƙi ba.

A safiyar rasuwarsa sai da aka yi ta bugu kafin ya amsa. Ya yi dum-dum-dum, ya yi jim kamar mai tunani, sannan ya ce kyaf. Ya sake: dum-dum-dum-kyaf. Labule ya yaye. Wata murya da gidan ya daɗe bai ji ba ta fito da ƙarfinta na da.

"Kaska! Sauka daga kan babur ɗin nan kafin in fito. Wa ya ba ka makulli?"

Tela, mutumin da furfura ta fara cin gemunsa, yana zaune a kan sirdi, zafin injin na gasa masa ƙwauri. Yana jin ƙarfe na cin ƙarfe a ƙarƙashinsa, ya san abin da hakan ke nufi, kuma makullin na nan kusa da hannunsa. Bai kashe ba. Ya murɗa mai, don faɗan ya ci gaba.

"Kaska, ba da kai nake ba? Za ka kashe mini shi!"

Injin ya buga. Ƙara ɗaya, sai shiru, sai baƙin mai na malala a siminti yana neman magudana. Tela ya sauka ya shiga ɗaki, ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya sunkuyar da kai yana jiran sauran faɗan, ko ma mari. Tsohon ya dube shi da fara'a. "Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?"

Ba a daidaita kan musabbabin rasuwar ba. Bakanike ya ce kisan gilla ne kuma shi shaida ne. Yayar ta ce a bakin aikinsa ya mutu, ya kawo maigida gida kamar yadda ya saba. Matar tela kuwa yashi ta zuba a kan man. Shi kuwa tela, abin da ke cin ransa shi ne ya rasa ranar da zai kira ranar kisan: ranar da ya ɓata shi ce, ko ranar da ya gyara shi har ubangidansa ya kasa gane shi? Yakan kuma tambayi kansa ko halal ne a ƙarar da ran bawa mai biyayya don a sayi zagi biyu da shi. Amsar da ya samu ba ta sanyaya masa rai ba: da za a dawo masa da babur ɗin gobe, zai sake.

Marigayin ya bar makulli ɗaya, da rabin gwangwanin fenti, da salansa mai huji, da tulin kayan mutane da ba a ɗinka ba. Ya bar ubangida wanda bai san ya rasu ba, da ɗan ubangida wanda ya sani.

Ba za a miƙa shi ga 'yan gwangwan ba, kuma ana roƙonsu su daina wucewa ta ƙofar gidan suna rage tafiya. Za a wanke shi a tsakar gida bayan an tashi daga shago, a lulluɓe shi da mayafin da tela ya ɗinka masa, a jingine shi ƙarƙashin tagar, lotsawar na fuskantar ɗaki. Ana karɓar gaisuwa a nan. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar sa masa injin wani babur. Wanda ya shiga gai da tsoho kada ya ambaci rasuwar. Idan kuma tsohon ya tambayi ko wane ne mutumin nan da ke tsugune a bakin taga yana dum-dum-dum-kyaf da baki, a ce masa wani bawan Allah ne, yana neman wani.