Ranar da Dakta Pettigrew Ya Fita Fatsa

Duk arewacin Ontario, a shekarun nan na tamanin, ba a yi masani kamar Dakta Lorne Pettigrew ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Mutum ne da Allah ya hore wa murya. In ya buɗe baki a rediyo, ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka hukunci ake yankewa. Yana da lofe da ba ya kunnawa, da tabarau da ba ya cirewa sai zai nuna mutum da shi.

Aikinsa ba da shawara ne a kamfanin narka ƙarfen da ke can bayan duwatsu. Shi ya ce a ƙara wa bututun hayaƙin kamfanin tsawo, kuma sai a yaba masa. Tun da aka ƙara, matan garin da kamfanin yake suke shanya fararen kaya su kwashe su fes. Hayaƙin ya daina sauka a kansu. A kanmu yake sauka, mu da ke nesa a bakin tafkuna, cikin ruwan sama da dusar ƙanƙara.

Malaman jami'a suka ce farar wutar da ke cikin hayaƙin ce take haɗuwa da gajimare, ta sauko da tsami, ta kashe kifi. Suka sa wa abin suna ruwan asid. Dakta ya yi musu dariya irin ta uba mai haƙuri.

"Ku tambayi matanku," in ji shi a rediyo. "Ruwan tumatirin da ke kicin ɗinku ya fi wannan ruwan saman tsami. Wa kuka taɓa ji ya mutu don ya sha miya?"

Shi dai kifi ba ya shiga miya sai tasa ta ƙare, amma wa zai katse Dakta?

Yana kuma da baiwar sanin inda yake tsaye. In a gida ne, laifin Amurkawa ne, maƙwabtanmu na kudu, da hayaƙin kwal ɗinsu da iska ke tsallako da shi. In Amurkawan suka gayyace shi walima, sai ya goge baki ya ce ai lamarin da sauran duhu, sai an bincika. Wata rana duwatsu masu aman wuta ne, wata rana ruɓaɓɓen ganye. A gidan shan kofi na garinmu ba a kiransa sai Dakta Sai-an-Bincika.

Sai gwamnati ta ce za ta kafa kwamitin da zai yanke ko a tilasta wa kamfanoni tace hayaƙinsu ko a ƙyale su. Kwamiti kuwa sai da shugaba. Kafin a gama karanta sanarwar Dakta ya riga ya je an gwada shi an yanka masa sabuwar kwat. Duk wanda ya gamu da shi sai ya ce masa shi ba ya neman kujera, amma in ƙasa ta kira shi, ba zai toshe kunne ba.

Ƙasar dai ta yi jinkirin kira. Wani hadimin minista mai suna Doucette, mutum mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum a gidan makoki yake, ya raɗa masa dalili. Ministan yana sonsa, amma 'yan talabijin sun matsa da nuna Tafkin Ansley, wato namu, suna cewa ya mutu, suna kuma haɗawa da hoton bututun Dakta. Da za a samu abin da zai rufe wannan bakin, kujera tasa ce.

Dakta ya cire tabarau. Ya ce ranar buɗe kamun kifi, a gaban 'yan jarida, shi da hannunsa zai ciro kifi daga Ansley.

Ranar buɗe kamun kifi ba ƙaramar rana ba ce a wurinmu. Da can har makaranta takan rasa rabin ɗalibanta. Masaukin Verna Tikkanen da ke bakin ruwa yakan cika har a kwana a kujeru. Yanzu ɗakunan a rufe suke, ita kuma ta tsufa tana kallon ruwa. Ita Dakta ya buga wa waya ya ce ta tanadi kwale-kwale da karin kumallo na baƙi. Verna ta san shi tun yana yawo da gajeren wando, don haka ta ce masa, "Lorne, ko kwaɗo babu a ciki."

Ya tuna mata cewa yanzu Dakta ake ce masa. Ta ce to, Dakta Lorne, ko kwaɗo babu.

Amma babban mutum ba ya fita ba shiri. A jajibirin ranar, wata tankar gidan kiwon kifi ta shigo garinmu a asirce. Asirin ya bi ta gaban gidan kofi, da gaban coci, da gaban shagon aski, don hanyar tamu guda ce. Aka juye kifi masu rai a wani lungun tafkin bayan tsibiri. Kowa ya gani, kowa ya shirya fitowa da sassafe. Mun daɗe ba mu samu abin kallo ba.

Lokacin kuwa ƙanƙara ke narkewa, duk tsamin da ya taru a kan duwatsu tun farkon hunturu yana gangarowa cikin tafkin gaba ɗaya. Wannan yana cikin rubuce-rubucen malaman jami'a, sai dai Dakta bai samu sukunin karanta su ba, aikin ƙaryata su ya sha masa kai.

Da safe aka ci fanke da zumar itace, aka sha kofi. Dakta ya fito cikin kayan masunta sababbi ƙal, da hula mai ƙugiyoyi jere. Ya shiga kwale-kwale ya tsaya a tsaye, abin da ko yaron goye a garinmu ya san ba a yi. Ya nuna ruwa da lofe.

"Jama'a, ku dubi wannan. Garau! Kuna iya ƙirga duwatsun ƙasa. Ina tambayar masu kururuwa, haka mataccen ruwa yake? Na zaga duniya, ban ga tafki mai tsabta irin wannan ba. Ko ɗigon datti babu."

Nan ma gaskiya ya faɗa. Babu gansakuka, babu ƙwaro, babu komai.

Ya wurga fatsa. Aka jira. Ya sake wurgawa, ya yi bayanin cewa kifin Ansley kifi ne mai wayo, sai gwani. Ana cikin haka iska ta juyo daga wajen tsibiri, ta taho da wani abu fari yana lilo a kan ruwa. Bayansa wani. Kafin Dakta ya kai ƙarshen jimlarsa, kwale-kwalen yana tsakiyar fararen cikkunan kifi, kamar an watsa faranti.

Wani ɗan jarida ya tambaya ko lafiya. Dakta ya ce irin wannan kifin haka yake shan hantsi. Wata 'yar talabijin ta ce to me ya sa duk girmansu ɗaya, kamar a injin aka buga su? Ya ce alamar ingantaccen iri ke nan. Da tsuntsaye suka fara sauka suna ɗauka ba kifin da ya motsa, sai ya juya ya dubi kudu, ya ce wannan aikin Amurkawa ne. Mai ɗaukar hoto ya tambaye shi ko su ne suka turo tankar jiya.

Daga bakin ruwa Verna ta ɗaga murya. "Lorne, in soya maka a nan, ko in naɗe maka ka kai wa ministan?"

Ya shiga naɗe zarensa da sauri don a koma. Sai ƙugiyar ta maƙale a gefen wani mushe, ta ɗago shi sama. Shi kuwa Dakta, duk inda ya ga an saita masa kyamara, fuskarsa ba ta shawara da shi. Ya ɗaga kifin, ya yi murmushi. Wannan hoton ne ya fito a shafin farko tun daga nan har Amurka.

Ranar Litinin ya sa sabuwar kwat ɗin ya tafi ofishin minista don ya yi bayani. Bai wuce ɗakin jira ba. Doucette ya fito, ya kama masa hannu biyu-biyu kamar mai ta'aziyya, ya ce an ba wani kujerar.

Dakta ya ce wane ne wannan da ya fi shi sanin lamarin?

"Ai ba sani ake nema ba, Dakta," in ji Doucette a hankali. "Wanda zai ce ba a sani ba muke so. Kai kuma ka je ka sa an sani."