Ranar Da Na Yi Wa Rabaran Tafinta

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura auren abokina Ishaya a Lyon, wajejen 2011. Ni ɗan Zinder ne, Musulmi, shi kuwa Kirista daga Zariya, amma ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Minguettes muna karatu.

Wanda zai ɗaura auren wani tsohon Ba'amurke ne, Rabaran Wilyam, limamin cocin Episkopal da ke Paris. Ishaya ya sha ba ni labarinsa: yadda yake zaga asibiti da gidan yari yana duba baƙin da ba su da kowa, yadda yake cika wa 'yan ci-rani takardu a unguwar Barbès ba ya tambayar addininsu. Jirgin ƙasa ya hawo takanas don bikin.

To, iyayen amarya sun zo daga ƙauye can gida, Hausa kawai suke ji, tafintan da aka nema wa Rabaran kuma jirgi ya bar shi a Paris. Kafin a nemi wani na yi wuf na miƙe. (Ingilishin lise, wato sakandare, ne da ni, wanda ko burodi ba zai saya mini ba. Amma ƙanwar amarya tana kallo.)

Da farko lafiya lau. Sai tsohon ya shiga wa'azi, muryarsa ta yi ƙasa, kalmomin suna fita ta hanci. Wallahi ban kama komai ba sai "matata". Maimakon in ce ban gane ba, sai na shiga ƙaga nawa.

"Ya ce matarsa ma akwai faɗa, amma da haƙuri ake zama!"

Tsofaffi suka yi dariya. Kaina ya kumbura. Ya ƙara magana, na ƙara gishiri: "Ya ce har yau in ya makara, a waje yake kwana!"

Baban amarya har da tafi. Sai dai na lura masu jin Ingilishi sun yi tsit, wata tana share hawaye, Ishaya kuma ya dafe kai.

Rabaran ya juyo, ya dafa kafaɗata, ya ce da Hausa, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya:

"Ɗana, ba haka na faɗa ba. Na ce matata ta rasu bara. Shekara uku ina jinyarta, kuma ban gaji ba."

Ashe yana saurayi ya yi shekaru yana koyarwa a wani ƙauye kusa da Zariya. Hausar ce ta yi masa tsatsa, shi ya sa ya nemi tafinta.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baban amarya ya ce, "Subhana!" ya cire hula. Da Hausarsa mai ɗingishi tsohon ya ƙarasa wa'azin, ni kuwa ina tsaye gefensa kamar turke.

Wajen cin abinci na ɓuya bayan ƙofa. Ya nemo ni da faranti a hannu.

"Baba, ka yafe mini," na ce.

"Ci abinci," ya ce. "Ai da gaskiyarka ta wani wajen. Marigayiyar tana da faɗa."

Ƙanwar amarya dai ba ta sake duban inda nake ba. Tun ranar, in ban gane magana ba, ko a gaban wa ne, cewa nake, "Don Allah maimaita." Kunyar wannan ba ta wuce minti ɗaya.